Gardamar Tsofaffi A Bakin Tashar Zariya

Kowace ranar Asabar, idan mun idar da sallar La'asar, akwai wata inuwar mangwaro kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Zariya inda mu kan shimfiɗa tabarma mu huɗu. Da can mu shida ne, biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Ƙaramin cikinmu ya haura shekara saba'in da biyar, watau ni ke nan. Ba mu da wata ƙungiya, ba mu da shugaba ko ma'aji. Abin da ya haɗa mu shi ne son jirgin ƙasa, irin son nan da matanmu da 'ya'yanmu suka daɗe da sallama mu a kansa, suka ce ciwo ne wanda ba shi da magani.

Na ji an ce a Ingila masu irin wannan ciwo namu sun fi gaban a ƙirga. Tun a 1951 waɗansu daga cikinsu suka karɓi wani ɗan ƙaramin layin dogo a yankin Wales da ya ke shirin mutuwa, suka ci gaba da tafiyar da shi da guminsu ba tare da albashi ba, kuma da aka daina aiki da injinan kwal a manyan layukan ƙasar a 1968, sai suka yi ta saye suna adanawa. Mu kuwa ba mu da kuɗin sayen ko da ƙusa ɗaya. Abin da mu ke da shi baki ne, shi kuwa ba mu yi masa rowa. Maganar da mu ke yi guda ɗaya ce, yau shekara da shekaru: a cikin zamunan da jirgin ƙasa ya ratsa a Nijeriya, wanne ne ya fi? Kowa da nasa gwani, kuma ba a taɓa tashi an daidaita ba. Ina so in kawo wa mai karatu yadda gardamar ta ke, sa'an nan in faɗi abin da ya sa a bana na sake ra'ayi bayan na yi shekara sittin da ɗoriya a kan magana guda.

Babbanmu a ilmi wani tsohon malamin makaranta ne, mu kan ce masa Malam kawai. Shi nasa zamanin bai gan shi da idonsa ba, a littafi ya karanta shi, watau zamanin diga. In ya fara, sai ya gyara tabarau ya ce mu dubi ƙarfin halin da aka yi. An buɗe layin Ikko zuwa Badun a 1901. A Arewa kuwa, Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan layin dogo ne, ya sa aka fara aiki daga Baro a bakin kogin Kwara a 1907. Duk ƙarfen da aka shimfiɗa daga Ingila aka kawo shi ta teku, aka jira ruwa ya cika, sa'an nan jiragen ruwa suka hauro da shi har Baro. Daga nan aka yi ta sara daji, ana cike kwari, ana fasa dutse, mil ɗari uku da hamsin da 'yan kai, ta Minna da Kaduna da Zariya, har dogo ya isa Kano a 1911. Da aka haɗe shi da layin Ikko, jirgi ya kan iso Jabba ya tarar babu gada a kan babban reshen kogin, sai a ɗora taragai a kan jirgin fito a ƙetare da su, har zuwa 1916 da aka gama gadar. Malam ya kan ce, mutanen da ba su da katafila, ba su da motar ɗaukar ƙasa, sai diga da shebur da kwando, su suka yi wannan aiki cikin shekara huɗu. Mu da mu ke da komai, shekara nawa mu ke yi a kan ƙaramar gada?

Idan ya kai nan, sai na kusa da shi ya ce, to Malam, wa ya ɗauki kwandon? Nan ne fa murya ta kan yi sanyi, domin kowa ya sani yawancin waɗanda suka yi aikin diga ba don suna so suka zo ba. An aza wa sarakuna su kawo mutane, sarakuna suka aza wa hakimai, hakimai suka aza wa dagatai, aka ɗebo manoma daga ƙauyuka. Kakata ta wajen uwa ta sha ba mu labarin yadda maza su kan kwana a jeji idan aka ji ɗan sakon hakimi ya shigo gari. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda aikin ya ratsa ƙasarsa yana kan gadon sarauta, har waƙa ya rubuta a kai, wadda a ke kira Waƙar Diga. Malam ba ya musun wannan. Sai dai ya ce shi abin da ya burge shi aikin ne, ba waɗanda suka sa aikin ba. Mu kuma mu ce da shi, ai daɗin zamanin diga sai wanda ya karanta shi a inuwa.

Na biyu ɗan wani tsohon dillalin gyaɗa ne, don haka mu ke ce masa Maigyaɗa. Shi a wurinsa babu zamani kamar daga 1930 zuwa farkon mulkin kai. Hujjarsa kuwa tana da ƙarfi. Turawa sun kawo dogo Kano ne da zaton auduga za su samu su kai masaƙunsu, sai manoman Kano da fatakenta suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, tun daga kakar 1912 suka cika tasha da buhuna har jirgi ya rasa yadda zai yi da su. Daga nan ne attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka ƙara bunƙasa, daga nan ne kuma dalar gyaɗa ta samo asali, domin abin da jirgi bai kwashe ba dole a jibge shi a jira. Ayarin raƙuma da ke ƙetare hamada zuwa Tarabulus ya yi ta ja da baya, fatauci ya juya fuska ya dubi teku. Layi ya yi rassa. Na Gabas, wanda ya tashi daga Fatakwal ya kai Inugu a 1916 saboda kwal, ya hauro ta Kafancan ya haɗu da na Yamma a Kaduna a 1927, aka kuma gama gadar Makurɗi a kan Binuwai a 1932. Daga Zariya aka ja wani ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, daga Kano aka ja wani zuwa Nguru a 1930.

Maigyaɗa ba ya tsayawa a kan shekaru kamar Malam. Shi garuruwa ya ke lissafawa. Ya ce a dubi Kafancan, a dubi Malam Madori, a dubi Funtuwa da Gusau da Nguru, a tambaya mene ne ya tara musu jama'a. Duk inda jirgi ya tsaya shan ruwa, sai mai ƙosai ta zo, mai rake ya zo, kanti ya buɗe, a kafa sikeli, kafin ka ankara kasuwa ta ci. Ya kan tuna yadda mahaifinsa ya ke aika shi tashar Madobi da takardar awo a aljihu, ya zauna a kan buhu yana jiran jirgin kaya, yana sauraron ƙarar waya a ofishin shugaban tasha. A ganinsa, zamanin da talaka ya ke noma abu jirgi ya zo har ƙofar ƙauyensa ya ɗauka, shi ne zamani. In an ce masa ai kamfanonin Turawa da hukumar ciniki su suka kwashe romon, manomi ƙashi ya samu, sai ya ce ko ƙashin ma yanzu ina ya ke?

Akwai abu guda da ni da Maigyaɗa mu ka yi tarayya a kansa, shi ne ɗan ƙaramin jirgin nan da ke tashi daga Zariya zuwa Jos, wanda aka gama shimfiɗa layinsa a 1914 domin kwaso kuza. Faɗin layinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, alhali babban layi ƙafa 3 da inci 6 ne, saboda haka komai nasa ƙarami ne, kamar an yi shi don yara. Na shige shi sau ɗaya tak, a 1956, ina riƙe da gefen zanen mahaifiyata za mu biki Dutsen Wai. Ya bi ta Soba yana tafe yana nishi, ga awaki da kaji a cikin tarago, ga wata tsohuwa tana ta ba ni gyaɗa dafaffiya. Ana yi masa ba'a cewa idan ya zo hawan tudu mutum ya kan iya sauka ya kama ruwa ya dawo ya cim masa. Shekara guda bayan wannan tafiya tamu, a 1957, aka rufe layin aka tumɓuke ƙarafunan. Wanda ya ke son ganin abin da ya rage sai ya tafi gidan tarihi na Jos.

Na uku shi ne kaɗai a cikinmu da ya ci albashin reluwe. Ya yi gadin jirgi shekara talatin, yana bayan tarago na ƙarshe da tutarsa da fitilarsa da usur a wuya, har yau kuma Gadi mu ke kiransa. Shi ba ruwansa da hayaƙi ko dala. Ya ce mu duka 'yan kallo ne, shi kuwa ya san ciki. Zamaninsa shi ne shekaru ukun nan, daga 1979 zuwa 1982, da gwamnati ta ɗauko ƙwararru daga Indiya ta danƙa musu tafiyar da harkar. Kafin zuwansu abin ya riga ya sukurkuce. A 1964 jirgi ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3, amma zuwa 1974 fasinja sun dawo miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuwa da ƙyar suka haura tan miliyan 1. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Yaƙin basasa ya datse layin Gabas daga 1967 zuwa 1970. Kuɗin man fetur ya shigo aka zuba shi a kan titunan mota, manyan motoci suka kwashe kayan da jirgi ya saba ɗauka. Farin 1973 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka share dala daga Kano. Ga layin da kansa cike da lanƙwasa, ba ya barin jirgi ya yi gudu, ga injina iri-iri daga ƙasashe daban-daban, in ɗaya ya lalace a rasa kayan gyaransa.

Gadi ya ce da Indiyawan suka zo ba wani sihiri suka yi ba. Sun tayar da injinan da ke kwance, sun sa an riƙa bin jadawali, sun sa kowa ya zo aiki a kan lokaci, babba ya riƙa fita yana duba layi da ƙafarsa. Fasinja suka dawo, har suka haura miliyan 15 a 1984, bayan tafiyarsu da shekara biyu. Abin da ya sa ya ke ƙaunar wannan ɗan lokaci, in ji shi, shi ne ya nuna masa ba a yi mana baki ba. Layin dai shi ne, ma'aikatan su ne, amma da aka riƙe abin da gaskiya sai ya tashi. Sai dai ya kan yi shiru in an tambaye shi abin da ya biyo baya, domin a gabansa aka yi ta rage ma'aikata, a gabansa ciyawa ta rufe layukan da ya yi rabin rayuwarsa yana bi.

Saura ni. Ni kam tun ina yaro ban taɓa sauya baki ba: zamanin jirgin kwal, musamman daga 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya aka kuma kawo injinan dizal na farko, zuwa 1964 da dogo ya isa Maiduguri. A cikin waɗannan shekaru an ga tsoho da sabo suna aiki kafaɗa da kafaɗa. An karɓo rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya a 1958, aka ja layi daga Kuru kusa da Jos, ya kai Bauci a 1961, ya kai Gombe a 1963, ya ƙarasa Barno shekara guda bayan haka. Kowace shekara sai ka ji an ce jirgi ya isa wani sabon gari. Mutum ya kan ji a jikinsa ƙasar gaba ta ke yi.

Amma in zan faɗi gaskiya, ba rance ko tsawon layi ne ya kama zuciyata ba. Mahaifina ɗan wuta ne, watau shi ne mai zuba wa inji kwal. A bayan loko na Zariya aka haife ni, ƙarar injina ita ce ta yi mini reno. Kafin in iya karatu na iya bambanta su da kunne. Akwai waɗanda aka sa wa sunayen koguna, waɗanda aka kawo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, akwai kuma dogayen nan da a ke kira Garratt, masu tukunya a tsakiya da ƙafafu gaba da baya, kamar an haɗa inji biyu. Injin kwal abu ne mai kama da mai rai. Tun da sauran dare a ke hura masa wuta, a jira sa'o'i kafin ruwa ya tafasa tururi ya taru. Yana shan ruwa, yana cin kwal ɗin Inugu, yana numfashi, in ya zo tudu ka ji yana haki, ƙafafunsa su zame sai an zuba musu yashi a kan ƙarfe. Da ya ke layin guda ɗaya ne, direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa wata alama ta ƙarfe, wadda ita ce shaidar babu wani jirgi a gabansa har tasha ta gaba. Mu yara mu kan tsaya mu ga yadda a ke cafe ta jirgi na tafiya, mu koma gida muna kwaikwayo da kara.

Wata rana ina ɗan shekara goma, Baba ya ɗaga ni ya ɗora a kan injinsa yana tsaye a loko. Direbansa, wani mutumin Gabas mai yawan dariya wanda ya ke jin Hausa kamar jakin Kano, ya kama hannuna ya ɗora a kan igiyar jiniya ya ce in ja. Na ja. Ƙarar da ta fita ta sa tantabarun da ke kan rufi suka watse gaba ɗaya. Ban yi barci ba a daren. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni zamanin da ya fi, ba na ko tunani.

To, ga abin da ban taɓa faɗa wa abokan zamana ba sai a bana. Wajen 1976, ina saurayi na fara aikin koyarwa, lokacin an ja yawancin injinan kwal gefe suna tsatsa, Baba kuma an mai da shi aikin cikin yadi, domin injin dizal ba ya bukatar mai shebur, shi kuwa ba shi da karatun bokon da zai ci jarrabawar tuƙi. Muna zaune a zaure da dare, sai na ɗauko maganar da na ke tsammani za ta faranta masa rai. Na ce, “Baba, ai an cuce mu da aka kashe jirgin kwal. Waɗannan na yanzu ba su da ko kwarjini.”

Ya daɗe bai ce komai ba. Da ya ke ni ne ɗan fari, ba ya kama sunana. Can sai ya ce, “Kai, miƙo hannunka.” Na miƙa. Ya ajiye nasa kusa da nawa a gaban fitila. Tafinsa kamar busasshiyar fata, ga tabon ƙuna har gwiwar hannu, yatsu biyu ba su miƙewa. Ya ce, “Kai kana bakin tasha kana jin jiniya, ni ina ciki ina jin wuta. Daga nan zuwa Minna babu shebur ɗaya da ya taɓa shiga tanderun nan da kansa. Na yi azumi a kan injin nan cikin bazara, ga rana a sama ga wuta a gaba. Idon nan nawa na hagu da ka ke gani, garwashi ne ya taɓa shi. In kwarjini ka ke so, je ka ɗauki shebur.”

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Na yi niyyar tashi, sai ya ce in zauna. Ya ce, “Amma kada ka ce ban yi kewa ba. Ba injin na ke kewa ba, mutumin na ke kewa.” Direbansa ya ke nufi. Shekara goma sha ɗaya suka yi a kan inji guda. Ya ce idan dare ya yi suna tsakiyar daji, direba yana duban hanya ta ɓangarensa, shi yana duba ta nasa, ba su bukatar magana, da ido kawai ya kan gane ana son ƙarin wuta. In lokacin salla ya yi suna tsaye a tasha, direban ya kan karɓi shebur ya ce ya je ya yi. Ran Lahadi kuwa in suna gida, Baba ne ya ke zagayawa ya duba masa injin. A cikin rikicin 1966, da aka shiga kashe-kashe a garuruwan Arewa, Baba ya kawo shi da matarsa da 'ya'yansu uku cikin gidanmu, suka kwana biyu a ɗakin mahaifiyata. Wannan na sani, domin ni na riƙa kai musu abinci. Abin da ban sani ba shi ne yadda suka rabu. Baba ya raka su tasha da asuba, ya sa su a jirgin da ke kwashe mutane zuwa Gabas. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana jan jirgi, ranar a tarago ya tafi a tsaye, cikin cunkoso, da ƙullin kaya a ka. Ya leƙo ta taga ya ce wa Baba ya kula masa da injin kafin ya dawo. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Bayan yaƙi Baba ya yi ta tambayar duk wanda ya dawo daga can, har ya gaji ya bari.

Baba ya rasu a 1988. Na riƙe wannan magana a ciki, na ci gaba da zama a inuwar mangwaro ina kare jirgin kwal kamar ba a taɓa gaya mini komai ba. Hali zanen dutse.

Abin da ya tono ta shi ne wata tafiya da na yi da jikana. Shi ma ya kamu da ciwon, amma nasa na zamani ne. Ya matsa sai mun shiga sabon jirgin da ke tsakanin Kaduna da Abuja, wanda aka buɗe a watan Yuli na 2016, shekara ɗari bayan gama gadar Jabba. Tsawon layin kilomita 186, faɗinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi, irin wanda yawancin ƙasashen duniya ke aiki da shi. Muka shiga a Rigasa. Ga sanyi, ga kujera mai laushi, babu hayaƙi, babu garwashin da zai faɗa maka a ido. Yaron yana ta yi mini bayani: an buɗe na Warri zuwa Itakpe a 2020, na Ikko zuwa Badun a 2021, a shekarar kuma aka aza harsashin wanda zai tashi daga Kano ya bi ta Katsina zuwa Maraɗi. Ya ce, “Kaka, ku dai kuna ta maganar da. Zamanin da ya fi shi ne wanda ke zuwa.” Da muka zo wajen Katari sai taragon ya yi tsit, domin kowa ya tuna a nan ne 'yan bindiga suka tare jirgi a daren 28 ga Maris 2022, suka kashe mutane suka tafi da waɗansu daji, har aka dakatar da zirga-zirga sai a watan Disamba. Yaron ya dube ni ya ce, “A zamaninku ai babu irin wannan, ko?”

Na buɗe baki zan ce babu. Sai na tuna da asubar nan ta 1966. Na tuna kuma da hatsarin Langalanga na watan Fabrairun 1970, da jirgi ya kife da mutane masu tafiya gida babbar salla. Na ce masa, kowane zamani da irin nasa kukan. Daga nan har muka isa Idu ina ba shi labarin kakansa na biyu da direbansa, labarin da ban taɓa ba ubansa ba.

Asabar da ta biyo baya na kwashe duka na gaya wa abokaina. Na ce musu na lura da wani abu a gardamar nan tamu. Malam yana son zamanin diga domin bai ɗauki kwando ba. Maigyaɗa yana son zamanin dala domin a gefen sikeli ya ke, ba a gona ba. Ni ina son jirgin kwal domin ina bakin tasha. Gadi ne kaɗai ya zaɓi zamanin da ya yi wa gumi, shi kuwa bai taɓa yabon inji ko tarago ba, riƙon amana ya ke yabo. Baba ma, da ya tashi faɗin abin da ya ke kewa, bai ambaci ƙarfe ba. Saboda haka na janye ƙuri'ata daga hayaƙi. Har gobe shekarun nan na 1955 zuwa 1964 su ne nawa, amma dalilin ya sake. Ina son su ne domin a lokacin jirgi yana tsayawa a Likoro da Gimi da Dangora da Madobi, mai kaji da mai tukwane su shiga da 'yan sulallansu, kuma a gaban jirgin akwai mutum biyu da ba su haɗa gari ko addini ba, ɗaruruwan rayuka na barci a bayansu, kowa ya amince da ɗan'uwansa. Maigyaɗa ya ce ashe dai na dawo layinsa. Malam ya ce ban kawo shekara ko ɗaya da ta rushe hujjarsa ba. Gadi bai ce komai ba, sai da za mu tashi ya tambaye ni lambar injin. Na faɗa masa. Ya ce ya san shi, ya sha bin bayansa zuwa Minna.

Ina da roƙo guda biyu kafin in ajiye alƙalami. Na farko ga mahukunta. Sababbin layukan nan abin alheri ne, Allah ya sa a gama su lafiya. Amma a tuna da ƙananan tashoshi da jirgin kaya, domin dogon da ya raya ƙasar nan shi ne wanda ya ɗauki gyaɗa da auduga da shanu da goro, ya tsaya wa mutumin ƙauye. A kuma dubi tsofaffin injina da gine-ginen tasha da suka rage, a killace waɗansu kafin masu sayen ƙarfe su gama da su. A Ebute Metta ta Ikko an gyara wani tsohon gidan reluwe an mai da shi gidan tarihi, aka sa masa sunan Jaekel, Baturen da ya rubuta tarihin jirgin ƙasa na Nijeriya cikin littafi uku. Zariya, wadda layi ya taɓa fita daga cikinta ta fuska huɗu, ta cancanci irin wannan.

Na biyu ga samari. Idan akwai tsohon ma'aikacin reluwe a gidanku ko a unguwarku, direba ne, ko ɗan wuta, ko mai gyaran layi, ko mai ba da hannu a mararraba, ku je ku zauna da shi ku tambaye shi tun yana da bakin magana. Kada ku yi irin tawa, da na je da yabon inji a bakina maimakon tambaya. Sau ɗaya mahaifina ya buɗe mini cikinsa, ni kuwa kunya ta hana ni in tambaye shi ko da sunan garin su direban, yau ga shi ina so in aika jikana ya nemo zuriyarsa, babu wanda zan tambaya.

Mu dai muna nan ran Asabar in Allah ya kai mu, a inuwar mangwaro, bayan La'asar. Wanda ya ke da nasa zamanin ya zo da hujjarsa, akwai wuri a tabarma. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.